Ranar da Na Soke Rakiya a Gidaje Bakwai

Ko tsufa ya zo ya yashe mini kai, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da ni kaɗai, ba da shawarar kowa ba, na soke rakiya a gidaje bakwai tsakanin Roni da Gwiwa. Eh, rakiyar dai da kuka sani, wadda ake taka wa baƙo in ya tashi tafiya. Ni na soke ta, da bakina, da agogona a hannu. Har yau in abin ya faɗo mini ina tsakiyar tuƙin tuwo sai in ji muciya ta tsaya.

Lokacin ina aji uku a jami'a, ina karanta kimiyyar siyasa. Dogon hutu ya zo, aka ce kowa ya nemi inda zai yi wata biyu yana sanin makamar aiki, ya dawo da rahoto. 'Yan ajinmu masu hanya suka wuce Abuja da Dutse. Ni kuwa na tattaro na dawo gida Kazaure, Baba ya yi magana aka haɗa ni da Hajiya Gambo (ba sunanta ke nan ba, na sauya don kada ta kira ni ta ƙara yi mini dariya). Ta taɓa yin kansila, a lokacin kuma ita ke riƙe da harkar mata a ofishin ɗan majalisar yankinmu. Karatunta bai wuce firamare ba, ba ta riƙe biro, amma in ta shiga ƙauye sai ta jero sunayen jikokin mai gida har da na goye.

To, a shekarar ne cutar lokaci ta kama ni. Akwai wani malaminmu da ke kulle ƙofar aji ƙarfe takwas daidai. Sau ɗaya ya kulle ni a waje na ɗauki lacca ta taga, 'yan aji suna leƙe na suna ƙunshe dariya. Tun daga ranar na tuba, kuma tubar ta zo mini da zafi. Na sayi agogo mai faɗin fuska kamar murfin gwangwanin madara. Na zana jadawali na manna a bangon ɗaki: wanka minti bakwai, karin kumallo minti goma, gaida Baba minti uku. Ranar da Mama ta tsaya ta karanta shi, sai ta juyo ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Ni fa, minti nawa kika ware mini?" Ban gane zagi ba ne, har na duba na ce biyar.

Abin da ya fi ƙona mini rai a duniya a lokacin shi ne rakiya. A gidanmu in Gwaggo ta zo, za su wuni da Mama suna hirar farashin barkono, sai ta yafa mayafi za ta tafi, sannan su tsaya a bakin zaure rabin awa suna ƙus-ƙus. Ni a wurina gulma ce kawai aka canza mata wurin zama. Da na fara bin Hajiya ƙauyuka sai na tarar abin ya fi na gida. Za a gama zama, a yi sallama, in riga kowa shiga mota in kame a kujerar baya, Hajiya kuwa tana can ana tafe ana tsayawa, daga zaure zuwa rijiya, daga rijiya zuwa bakin gona. Ni ina cikin mota ina latsa waya ina auna ta da agogo. Na yi lissafi a bayan littafina, kowace rakiya tana cin minti ashirin. Har na sa wa shafin suna "Asarar Lokaci a Siyasar Karkara", ina shirin ya zama babi na biyu a rahotona.

A mako na biyar sai ga babban aiki. Hajiya ta yi wata da watanni tana bin wata likita mace, har ta yarda za ta zo Kazaure ranar Asabar, wuni ɗaya tak, ta duba mata masu irin ciwon da ba a son faɗa: ƙari a mama, zubar jinin da ya ƙi tsayawa, da makamantansu. Sai dai dole a kai sunaye kafin magaribar Alhamis, don a yanki kati a kuma shirya motar da za ta kwaso su. Wadda sunanta bai shiga ba ta rasa, kuma babu wanda ya san ranar da likitar za ta sake waiwayo mu. Hajiya ta riga ta zagaya wasu wuraren, saura gidaje bakwai na jagororin mata daga Roni zuwa bayan Gwiwa. Ana haka aka kira ta Dutse taron gaggawa.

Ta kira ni ranar Talata tana ɗaura ɗankwali. "'Yar nan, gobe ke za ki wakilce ni. Baba Sule ya san gidajen. Ki gaishe su da kyau, ki gaya musu likita za ta zo, sannan ki bari su raka ki."

Na buɗe littafi na rubuta: na ɗaya, gaisuwa, na biyu, sanarwa. Na ukun kuwa na ɗauka irin maganar manya ce ta fatan alheri, don haka na gyara mata shi na rubuta "tattara sunaye". (Ku lura, an gaya mini. Ba zan ce ba a gaya mini ba.)

Baba Sule shi ne direban Hajiya, dattijo mai furfura a gemu, ba ya gudu da mota ba ya gudu da magana. Ƙarfe tara muka bar Kazaure. Damina ta zauna, gero ya fi mutum tsayi hagu da dama, duwatsun Roni sun yi kore shar. Ni duk ban ga wannan ba sai a wajen dawowa, idona yana kan jadawali. Na ba kowane gida minti talatin da biyar, na kuma ba Baba Sule umarni: ya riƙa kawo mota daf da ƙofar zaure, kada ya kashe inji.

Ya dube ni ta madubi ya ce, "Malama, Hajiya a bakin gari take sa ni tsayawa."

Na ce, "Na sani, Baba. Abin da muka zo gyarawa ke nan."

Gidan farko a bayan Roni yake. Mata sun fi ashirin a tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, an dama fura da nono mai kauri. Na yi gaisuwa a taƙaice, na kurɓi fura sau uku, na miƙe tsaye na gyara murya kamar mai gabatar da muƙala. Na yi bayanin zuwan likita tsaf. Sannan na ce, a gaban surukai, a gaban maƙwabta, a gaban 'yan mata masu leƙe ta katanga:

"Saboda haka duk wadda take jin wani ƙulli a mamanta, ko jini yake zubar mata ba ƙa'ida, ta ɗaga hannu in rubuta sunanta."

Wata ta shiga gyaran bakin tabarma, wata ta juya goyonta gaba ta ba shi nono alhali barci yake yi. Na maimaita, har da ƙarin bayani da nuni da hannu. Can uwar gidan ta ce, "Alhamdu lillahi, 'yar nan, mu dai lafiya lau muke." Sauran suka amsa, "Lafiya lau." Na rubuta "babu" na ja layi a ƙasa.

Ina rataya jaka suka fara miƙewa suna neman mayafai. Nan na yi abin da na yi. Na ɗaga hannu na ce, "Don Allah kowa ta zauna. Ba sai an raka ni ba. Hajiya ta ce a daina wahalar da kai da rakiya, kowa tana da aikin yi." Eh, ƙarya na shirga, na kuma jingina ta a bakin Hajiya, don na san in na ce ni ce ba za su ji ba. Suka tsaya cirko-cirko da mayafai a hannu. Ni kuwa taku goma na yi na faɗa mota.

Baba Sule ya ja muka tafi. Can ya ce, "Malama, da kin bari sun ɗan taka miki."

"Baba Sule, minti ashirin sau bakwai nawa ke nan?"

"Ni lissafin mai kawai na iya," in ji shi.

Haka na yi a gida na biyu, na uku, har na shida. Kurɓi uku, sanarwa, a ɗaga hannu, babu, kowa ta zauna. Har wani daɗi nake ji, ina raya wa a raina cewa matan karkara sun fi na birni lafiya saboda cin gero, wannan ma zai shiga rahoto.

Gida na bakwai yana wani ƙauye bayan Gwiwa, gidan Iya Abu. Tsohuwa ce siririya mai sana'ar daddawa, tana ɗingisa ƙafa ɗaya, kuma duk matan ƙauyen maganarta suke ji. Ita ma da na yi tambayata ta ce lafiya lau. Amma da na ce kowa ta zauna, sai kowa ta zauna ban da ita. Ta lallaɓo ta ɗauke jakata daga kan tabarma, yadda ake karɓar wa baƙo kaya.

"Bari in kai miki bakin hanya, 'yar nan."

"Iya, ki huta. Motar tana ƙofar zaure."

"To bari in kai miki ƙofar zauren."

"Wallahi ba sai kin wahala ba, Iya. Lokaci ya ƙure mini."

Na kama igiyar jakar, ita ma ba ta saki ba. Na ja, ta ja. Ku hango ni, ɗalibar aji uku, wakiliyar Hajiya, ina jan jaka da tsohuwar da ta yi jika da ni, mata goma sha suna kallo. Igiyar ta tsinke. Birona, hodata, kwalbar turare da ragowar gyaɗar da nake ci a mota duk suka watse a ƙasa. Iya ta durƙusa tana tsince mini da hannun hagu, na daman tana manne da shi a ƙirji. Na gani da idona, na ce a raina tsufa ne. Ta miƙo mini kayan, ta dube ni ta ce, "Ki gaida Hajiya. Ki ce mata Abu ta so ta raka ki."

Na ce za ta ji, na rungumi jaka na fice.

Ƙarfe biyu da minti goma muka shigo Kazaure, maimakon huɗu da rabi. Awa biyu da minti ashirin na ceto. Kuna so ku san abin da na yi da su? Na ci shinkafa da wake, na yi barcin awa guda, na goge hijabina, sannan na sake kwafe rahoton da rula don layukan su miƙe.

Bayan la'asar Hajiya ta dawo daga Dutse. Falonta cike da matan tafiyarta, sun kai goma, irin gogaggun nan da suka ga jiya suka ga yau a harkar zaɓe. Baba Sule yana zaune a bakin ƙofa yana jan carbi. Hajiya ta ce in ba ta sunayen. Ni kuwa na ce ta ba ni dama in karanta rahoto tukuna. Na miƙe tsaye. (Babu wanda ya ce in miƙe.)

Na karanta lokacin tashi, lokacin isa kowane gida, lokacin fita. Na dakata kaɗan kafin in faɗi awa biyu da minti ashirin, don ta shiga kunne sosai. Sannan na rufe da cewa, "Sakamako: a gidaje bakwai, babu mace ko ɗaya mai matsala."

Wata daga gefe ta ce, "Masha Allah. Ashe ƙauyukan duk sun warke."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A ina kika tambaye su?"

"A tsakar gida, Hajiya. Na ce mai matsala ta ɗaga hannu."

"A gaban kowa?"

"Eh, don a yi komai a buɗe."

Na ji wata ta ce "inna lillahi" ƙasa-ƙasa. Hajiya ta ajiye kofin da ke hannunta. "To da suka raka ki, me suka ce miki?"

Na yi murmushi, don a nan ne nake jiran yabo. Na ce, "Ai na soke rakiya."

"Kin soke me?"

"Rakiya, Hajiya. Ita ce ke cinye mana lokaci. Na ma yi lissafi..."

Ban ƙarasa ba falon ya ɓarke. Wata ta kwanta a kafaɗar 'yar'uwarta, wata tana share hawaye da bakin mayafi tana cewa, "Gobe kuma sai ta soke sallama." Na tsaya da takarda a hannu, murmushina ya bushe a fuska na rasa yadda zan sauke shi. Hajiya ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Kuma suka yarda suka zauna? Da kika ce su zauna?"

Na saci kallon Baba Sule, ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa, bai tona ni ba, bai kuma cece ni ba. Da bakina na ce, "Na ce musu ke kika hana."

Wannan karon babu wadda ta yi dariya, kuma wallahi na gwammace dariyar. Na ji zufa tana bin bayana a cikin hijabin da na ɓata lokaci ina gogewa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na yi mata godiya.

Hajiya ta daɗe tana kallona. Da ta yi magana kuma ba da faɗa ta yi ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. "'Yar nan, duk zaman da kike yi a mota kina kallon agogo, kin ɗauka son rana ke sa ni tsayuwa a bakin rijiya? A tsakar gida gaisawa ake yi. Magana a hanya take. Wace mace ce za ta ce mamanta na ciwo a gaban surukarta, da maƙwabciyar da suka yi faɗa jiya a kan kaza? Ke in ke ce za ki ɗaga hannu?"

Na girgiza kai. Sai a lokacin saƙon ya faɗo mini, na ce, "Iya Abu ta ce in gaishe ki. Ta ce in ce miki ta so ta raka ni."

Fuskar Hajiya ta canza. Ta dubi Baba Sule, ya dube ta. Ta ce, "Shekara ashirin na san Abu, ko allura ba ta taɓa roƙo na ba. Da wannan ƙafar tata, ni kaina iyakarta da ni ƙofar ɗaki. In Abu ta ce za ta yi rakiya, akwai abin da ke akwai." Ta miƙo hannu. "Kawo agogon nan."

Na kwance na ba ta. Ta jefa shi cikin kwanon goro ta rufe.

"Gobe Alhamis. Ni zan wuni wajen shirin likita. Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Ki koma gida bakwai ɗin nan, ki dawo mini kafin magariba."

Da asuba aka tafka ruwa. Hanya ta yi laushi, Baba Sule yana tafiya yana zaɓen inda zai sa taya. Da muka iso gidan farko bai tambaye ni ba, ya tsaya can bakin gari a gindin wata tsamiya ya kashe inji. Na taka cikin taɓo har gidan. Na durƙusa a gaban uwar gidan na ce, "Inna, jiya na yi muku ƙarya. Hajiya ba ta hana rakiya ba, ni ce da rashin hankalina. Ku yafe mini." Ta ce, "Ai mun sani, 'yar nan. Hajiya ba za ta faɗi haka ba. Tashi ki sha fura." Ashe duk wunin jiya babu wadda na ruɗa sai kaina.

Na shanye furar tas. (Gida bakwai, kwano bakwai. Abin da cikina ya gani a ranar ba na rubutawa ba ne.) Da na tashi, suka miƙe gaba ɗaya, wannan karon na kama bakina. A nan na ga abin da na yi mako biyar ina zaune a mota ban gani ba. Kowa ta rako ni zaure. Daga zaure rabi suka ce a gaida gida suka juya. A bakin rijiya wasu suka tuna sun bar tukunya a wuta. Babu wadda ta kalli wata, amma a hankali aka zame aka zame, har ya rage daga ni sai wata matashiya mai goyo, wadda jiya ta fi kowa saurin cewa lafiya lau. Ashe sun san da ita, hanya suke ba ta. Muka yi 'yar tafiya, sannan ta ce, tana kallon ƙafarta, "Anti, wata huɗu ke nan tun da na haihu abin bai tsaya ba." Na rubuta sunanta.

A wani gidan mutum ɗaya, a wani biyu, a wani uwa ce ta yi maganar 'yarta. Kafin mu bar gida na shida ina da suna goma, a gidajen da jiya na ja wa layi da rula na rubuta babu. Duk sunan da na rubuta sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. La'asar ta wuce kafin mu isa ƙauyen Iya Abu, rana ta fara yin ja, ga Kazaure da nisa ga hanya ba kyau.

Na same ta tana tsince kalwa a faifai. Ta ɗago ta ce, "A'a, mai agogo ce? Yau kuma minti nawa aka ba mu?"

Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce babu komai, ta sa aka kawo fura. Da na tashi ta ɗauki jakata, wadda na ɗaure igiyarta da ƙulli, na bar mata. Matan gidan ko zaure ba su ƙarasa ba suka koma. Muka fita ni da ita, tana ɗingishi, taku ɗaya sai ta huta. Ta yi mini hirar ruwan asuba. Ta yi mini hirar tsutsar da ta shiga gyaɗar ɗanta. Ta tambaye ni ko ana cin daddawa a jami'a. Muka wuce rijiya, muka wuce masallaci, muka bi gefen gonar gero. Sau uku ina ɗaga hannu in duba lokaci sai in tarar da fatar hannuna. Ga mota can ta bayyana, ga Baba Sule a jingine, Iya kuwa ba ta taɓo maganar da ta sa ta rakiya ba. Na ce shi ke nan, jiya ta buɗe ƙofa na rufe mata a fuska, yau ba za ta sake buɗewa ba.

Muka iso daidai motar. Ta miƙo mini jaka ta ce, "To, 'yar nan, ki gaida Hajiya."

Ban karɓa ba. Ban san inda dabarar ta fito mini ba, na ce, "Iya, ƙafata ta sage da zaman mota. Ki ƙara taka mini zuwa gindin kukar can."

Ta dube ni, ta dubi kukar, ta sake duba na. Sannan ta mayar da jakar kafaɗa muka wuce motar. Baba Sule ya juya baya ya shiga duba tayar da babu abin da ya same ta.

A bayan kukar ta tsaya. Ta kamo hannuna, wannan hannun da na ja jaka da shi jiya, ta shigar da shi ƙarƙashin mayafinta ta ɗora a gefen mamanta na dama. Na ji shi, ƙulli mai tauri kamar ƙwallon goruba.

"Tun kafin azumi," in ji ta. "Ko 'ya'yana ban gaya wa ba. Shekaranjiya da aka ce za a zo daga wajen Hajiya na yi ta tattara ƙarfin hali. Da kika tafi jiya sai na ce to, Allah bai nufa ba, in bar shi kawai."

Sai hawaye suka ɓalle mini. Ba na burgewa ba, irin mai majina. Ina ta cewa ki yafe mini, Iya, ki yafe mini. Ta bar ni na ɗan yi, sannan ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ke, kada ki ɓata mini lokaci da kuka. Ciro biron ki rubuta."

Ana kiran magariba muna shiga Kazaure, mota duk taɓo. Hajiya tana tsaye a ƙofar gida da takardar sunayen da za a kai wa likita a hannu, ta hana a tafi da ita. Na karanto mata suna goma sha ɗaya ba tare da na miƙe tsaye na gyara murya ba. Da na zo kan na ƙarshe ta rufe ido ta ce, "Allah ya sa mun yi sammako." Ranar Asabar likita ta duba Iya Abu, ta tura ta Kano, aka yi mata aiki. Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba, ta sha wuya ƙwarai. Amma ta tashi, ta koma kan daddawarta, kuma ranar bikina ita ta aiko mini da ƙullin daddawar da ya fi na kowa girma, da saƙon a ba mai agogo.

Babi na biyun rahotona na yage shi. Ranar da zan koma makaranta Hajiya ta buɗe kwanon goro ta miƙo mini agogona yana ƙamshin goro, ta ce, "Riƙe abinki, yana da amfani. Jirgi da jarrabawa ba sa jira." A daren da ya gabaci ranar na tambayi Mama me suke faɗa ne da Gwaggo a bakin zaure duk shekarun nan. Ta ce, "Minti biyar ɗin da kika ware mini ba zai isa ba. Wata rana ki raka ni ki ji."

Agogon yana nan har yau, kuma har yau ƙarfe takwas a ofis take yi mini. Ban daina son lokaci ba, na dai gano cewa awa biyu da minti ashirin ɗin da na ceto a ranar ba nawa ba ne, na mata goma sha ɗaya ne na kwashe na je na yi barci da su. Shi ya sa yanzu in baƙuwa ta yafa mayafi a gidana, nakan kwance agogon in ajiye a kan firji, in ɗauki jakarta. In mun kai ƙofa ta ce, "Koma haka nan, na gode," sai in ce to, in ƙara taku goma.